Gizo-gizo mai zagayayyar saƙa: yadda ake gane shi

Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, a garake da bakin tafkunan Zinder akan wayi gari a ga saƙa zagayayya kamar ƙafar keke tsakanin rassan itace. Mai ita ƙaramin gizo-gizo ne na dangin Araneidae, mai ire-ire sama da 3.000 a duniya. Cikinsa a dunƙule yake, yakan zauna tsakiyar saƙar, kai a ƙasa. Zaren da ke kewayawa shi ke da danƙo. Nan sauro da ƙudaje ke maƙalewa. Da yawansu kan cinye tsohuwar saƙa su ɗaura sabuwa da dare. Cizonsa ba ya da haɗari ga mutum, saboda haka fesa masa magani asara ce: mai rage sauro aka kashe.