Kwandon Da Ba Ya Mantuwa: Kuki Da Seshon A Inda Sabis Ke Rawa

Albasa da tafarnuwar Goronyo da shinkafar fadamar Wurno sun daɗe suna cika motoci zuwa kasuwannin nesa, kuma yawancin cinikin ta waya ake ƙulla shi. Duk matashin da ya karɓi aikin gina wa dillali shagon intanet zai yi karo da matsala guda: mai saye ya zuba buhu uku a kwando, ya leƙa wani shafi, ya dawo ya tarar wayam.

Laifin ba na mai saye ba ne. Ƙa'idar HTTP ba ta riƙe kowa. Duk buƙatar da ta iso uwar garke baƙuwa ce. Don magance wannan ne Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro kuki a 1994, kuma kwandon sayayya na cikin abin da ya sa aka yi shi.

Wanda ya taɓa kai waya shagon caji ya riga ya fahimci tsarin. Mai shago ya ajiye wayar, ya miƙa kati mai lamba. Katin shi ne kuki, yana zaune a burauzar mai saye, bai wuce kilobayit 4 ba. Abin da aka ajiye a shago shi ne seshon, yana can uwar garke. A PHP, da an kira session_start() za a ba mai saye katin da ake kira PHPSESSID.

Kuskuren sababbin hannu shi ne rubuta farashi a cikin kuki. Katin a hannun mai saye yake, yana iya mayar da buhun dubu hamsin ya koma naira biyar. Kuki ya ɗauki lamba kawai. Farashi kuwa a ɗauko shi daga rumbun bayanai lokacin biya, balle ma albasa da kuɗinta ba ya kwana wuri ɗaya.

Sai batun lokaci, wanda darussan YouTube ba su cika damuwa da shi ba, don masu yin su sabis ba ya yanke musu. Idan ba a taɓa saitin PHP ba, seshon da ya yi daƙiƙa 1440, wato minti 24, babu motsi yana iya shiga shara. Mai saye a ƙauyen Rabah da ya fita neman sabis, ko ya tafi wurin mai POS ya tura kuɗi, cikin sauƙi zai wuce haka. Mafita ita ce a rubuta kwandon a rumbun bayanai, a ba kukin wa'adin kwanaki. Kada kuma a ɗaure seshon da adireshin IP, domin layin waya yana sauya shi ba sallama.

Amma dogon wa'adi na da nasa haɗarin, tunda waya ɗaya kan zaga hannun 'yan gida da abokai. Kwando ya daɗe, ba komai. Shiga asusu ne bai kamata ya daɗe ba. A sauya lambar seshon da session_regenerate_id() da zarar mutum ya shiga, a kunna HttpOnly da Secure, sannan a sa maɓallin fita inda ido zai gan shi ko a ƙaramin allo.