Ko Ka Sani? Tunkun Juda, Dabbar Da Ke Haɗa Turarenta A Jikinta

Ko ka san cewa ɗaya daga cikin mahaɗan turare mafi tsada da duniya ta taɓa sani daga ƙarƙashin wutsiyar wata dabbar dawa yake fitowa? Jibda ke nan, kuma mai ita shi ne tunkun juda. Wanda ya shinshini ɗanyar jibda a karon farko yakan kau da kai, don warinta mai hawa ka ne, har yakan tayar wa wasu da zuciya. Amma a ɗebi ɗan ƙyas a narkar cikin turare mai yawa, sai abin ya juye ya koma ƙamshi mai ɗumi wanda ke kwana a jikin tufa.

Tunkun juda dabba ce ta Afirka, daga kudancin Sahara zuwa can ƙasan nahiyar. Nauyinsa yakan kama daga kilo 7 zuwa 20. Jikinsa toka-toka ne da ɗige-ɗigen baƙi, ƙafafunsa gajeru baƙaƙe, fuskarsa da baƙin shafe kewaye da idanu. Yana da geza daga wuya har wutsiya, wadda yake tayarwa in ya ji tsoro ko ya fusata domin ya ƙara girma a idon abokin gaba. Da dare yake fita, shi kaɗai, da rana kuma ya lafe cikin duhuwa. Ba ya zaɓen abinci: ɓera, ƙwai, fara, kwaɗo, maciji, 'ya'yan itace, mushe, duk nasa ne. Har ƙadandoniya yana ci, wadda yawancin dabbobi ke gudu saboda dafin da take fitarwa. Macen takan ɗauki ciki wata biyu da 'yan kwanaki, ta haifi ɗa ɗaya zuwa huɗu.

Mai son ciyawa mai kauri ne da kusancin ruwa. Shi ya sa yaron da ya tashi a Filinge, ko Shikal, ko Luma, a ƙasar Kurfai ta jihar Tilaberi, zai iya girma har ya yi furfura yana jin sunan jibda a bakin masu turare bai taɓa sa ido a kan mai ita ba. Ƙasar Kurfai ta yi masa fili da yawa, ta kuma yi masa bushewa, ko da yake ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin yashin Dallol Boso. A jihar Tilaberi, wurin da ya dace da shi yana can kudu, wajen gandun dajin W da ke bakin Kwara, wanda aka kafa a 1954, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1996.

Namiji da mace duka suna da wata 'yar jaka tsakanin dubura da al'aura. Cikinta ne jibda ke taruwa, mai laushi kamar man shanu, rawaya-rawaya in tana sabuwa, sai ta yi duhu in ta sha iska. Babban tunku yakan tara giram 3 zuwa 4 a mako. Shi ba don kwalliya yake yin ta ba. In yana yawonsa na dare yakan juya baya ya goga jakar a jikin kututture ko dutse ko ƙaramar bishiya, ya wuce. Wani tunkun da ya biyo hanyar zai shinshina ya gane cewa wurin da mai shi, ya kuma gane ko namiji ne ko mace. Shafar takan daɗe tana tashi, rana ta doke ta, raɓa ta sauka a kanta, ba ta gushe ba. Wannan naci na ƙin gushewa shi ne abin da ɗan Adam ya gani ya yi kwaɗayi.

Kuma Hausawa sun daɗe da gane haka. A shekarar 1824, lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya sauka Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ziyarci ƙanen sarkin, Atiku, wanda daga baya ya hau gadon a 1837. Clapperton ya rubuta cewa Atiku yana kiwon tunkun juda har 200, kuma an nuna masa biyu daga ciki, kowane a kejinsa na itace, suna ta fushi. Ana ciyar da su da dunƙulen dakakkiyar dawa da busasshen kifi. In za a ɗebi jibda, sai a matse dabbar a kusurwar keji, a danne kanta da sanda, a kankare jakar da ɓawon wata halittar ruwa. Ka duba yawan hatsi da kifi da hannuwan da kiwon dabba 200 masu cizo ke bukata, za ka san irin kuɗin da ke cikin sana'ar a wancan zamani. Turawa ma sun gwada. Daniel Defoe, marubucin littafin Robinson Crusoe, ya sayi tunkun juda kusan 70 a Landan a 1692 da niyyar ya yi arziki, bashi ya ci su.

Yau cibiyar sana'ar tana Habasha. Daga can mafi yawan jibdar da ke shiga kasuwar duniya take fitowa. Manoma kan kamo dabbar daga dawa, galibi maza don sun fi bayarwa, a tsare su cikin ƙananan keji a ɗaki mai duhu da hayaƙi, bayan kowane kwana tara zuwa sha biyar a kwashe jakar da cokalin ƙaho. A al'ada cikin ƙahon saniya ake tara ta, a toshe bakin da fata. Ni dai ban ga abin da zai sa a ci gaba da haka ba. Dabba ce da Allah Ya yi ta don yawon dare mai nisa, a ce ta ƙare rayuwarta cikin akwatin da da ƙyar take juyawa, saboda ɗigon da za a sa a kwalba. Kuma akwai mafita tun tuni.

Mafitar daga ɗakin bincike ta fito. A 1915 wani masani mai suna Erwin Sack ya ware sinadarin da ke ɗauke da ƙamshin jibda, aka sa masa suna sibeton. A 1926 Leopold Ruzicka, haifaffen Kuroshiya mai aiki a Suwizalan, ya gano ƙirarsa: zobe ne na ƙwayoyin kabon 17. Kafin nan masana na ganin zobe mai girma haka ba zai iya tsayuwa ba. Wannan aiki na cikin abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1939, kuma shi ya buɗe hanyar haɗa sibeton a masana'anta ba tare da an taɓa dabba ba. Kamfanin Chanel ya ce tun 1998 ya daina sa jibdar dabba a turarensa.

To, me jibda ke yi a cikin turare? Riƙewa. Ƙamshin fure da na lemo masu saurin tashi ne, ita kuwa mai nauyi ce, tana jinkirta su, ta sa su zauna. Ba ta kashe wari ko kaɗan. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, musamman a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi a Filinge ke wuce digiri 40, mutum ya taso daga Tukunus ko Bonkuku zuwa kasuwa rigarsa ta jiƙe kafin hantsi. Sai a ɗauki turare mai ƙarfi a fesa kan hammatar da ta riga ta soma tashi. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi a motar haya.

Zufa ita kanta ba ta da wari. Jikin mutum na da ƙofofin zufa miliyan 2 zuwa 4, kuma abin da yawancinsu ke fitarwa ruwa ne da ɗan gishiri, don sanyaya jiki. Amma a hammata da matsematsi akwai wani iri dabam, wanda ba ya soma aiki sai an balaga, shi ya sa ƙaramin yaro zai wuni yana guje-guje ba ka ji komai ba. Wannan irin yana fitar da ruwa mai ɗan kauri da maiƙo. Ƙananan halittun da ke zaune a fatar kowa, waɗanda ido ba ya gani, su ke cin sa, su fitar da abin da hanci ke ƙi. A 2020 masu bincike a Jami'ar York ta Ingila suka gano ainihin sinadarin da ɗaya daga cikinsu, Staphylococcus hominis, ke amfani da shi wajen wannan aiki. Kura ma haka take: tana da jaka a ƙarƙashin wutsiya, kuma binciken da aka buga a Amurka a 2013 ya nuna cewa warin man da take gogawa a ciyawa yana tafiya ne da irin ƙwayoyin da ke zaune a jakar.

Saboda haka mai son haɗa maganin warin hammata a gida, da waɗannan ƙwayoyi yake faɗa. Farko wanka da sabulu, da rage gashi, da barin wurin ya bushe sarai. Sannan alimun, wanda ake sa wa ruwan tafki ya kwanta. A jiƙa dutsensa a goga a hammata mai tsabta, ko a daka shi a narkar da ƙaramin cokali cikin kofin ruwan da aka tafasa ya huce, a riƙa shafawa. Yana ɗaure fata, yana kuma hana ƙwayoyin yaɗuwa. Tsohon kaya ne a ƙasarmu: tun ƙarni na 12 masani al-Idrisi ya ambaci alimun ɗin Kawar da ake kaiwa har Masar da Magrib, fiye da shekara 700 kafin a fito da Mum, maganin hammata na farko na kanti, a Filadelfiya a 1888. Sai dai masu cewa sun koma alimun don gudun alminiyon da ke cikin na kanti su sani cewa shi ma gishirin alminiyon ne.

Wanda ya fi son na shafawa zai iya narkar da man kaɗanya cokali biyu, ya zuba garin sitacin masara ko na rogo cokali biyu, da bikarbonat rabin ƙaramin cokali, ya ɗiga man sandal kaɗan, ya juya ya bar shi ya daskare. Sitaci na tsotse laima, bikarbonat na rage wari. A yi kaɗan-kaɗan, a ajiye gefen randa, don man kaɗanya ba ya jure zafin bazara. Kafin a kai shi hammata a gwada a cikin dantse a kwana ɗaya.

Kanwa ce nake so a yi hattara da ita. Tana da araha, daga kwarin Dallol Boso take fitowa, can kudu wajen Boboye inda mata ke tace ƙasa su dafa ruwan har ya daskare, kuma gaskiya ne akwai bikarbonat a cikinta. Amma akwai wani gishirin da ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba. A ma'aunin da masana ke auna tsami da kishiyarsa, fatar mutum tana wajen 5, bikarbonat wajen 8, wancan gishirin kuwa yana kaiwa 11. Fatar hammata siririya ce, ga gogayya, ga laima. Kanwa na iya saɓule ta, ta bar baƙin tabo mai wuyar fita. Lemun tsami yana aiki na ɗan lokaci, amma yana raɗaɗi bayan aski, kuma in ruwansa ya zauna a fatar da rana ke duka yakan ƙona ta.

Sai an gama da wannan duka ƙamshi ke da wurin zama. Matan da suka iya humra da turaren wuta sun san haka: sandal, kajiji, farce, miski, ana sa su ne a jiki mai tsabta da tufa wankakkiya, a turara zane a kan kasko kafin a ɗaura. Tufar ma tana da nata laifin, domin yadin roba yana riƙe maiƙon zufa fiye da auduga, har riga ta soma tashi da zarar ta ji ɗumin jiki ko da an wanke ta. A shanya ta a rana ta bushe ƙayau kafin a ninke. In kuwa an yi duk wannan warin bai ragu ba, ko ya sauya farat ɗaya, ko ƙurji ya fito a hammata yana ruwa, to magana ta wuce alimun da humra, a je asibiti a duba.