Tsohuwar Amfilifaya: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Ya Duba Kafin Ya Jona Ta Da Wuta

Shekaru da dama kayan lantarki na hannu da aka sauke a tashar ruwan Kwatano suna ratsowa ta Maraɗi, su shigo Najeriya ta iyakar Jibiya a Jihar Katsina. Rufe iyaka da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun rage wannan zirga-zirga. Duk da haka, daga Farfaru da kewayenta har cikin Katsina da Kano, ana samun tsofaffin amfilifaya irin su Sansui da Pioneer da Akai da Kenwood, ƙirar shekarun 1970 da 1980, a ɗakunan ajiya da rumfunan masu gyaran rediyo. Masu son jin kalangun Mamman Shata da sauti mai kauri suna nemansu, kuma suna da hujja, domin an ƙera su da ƙwari. Sai dai ana iya yin babbar asara a minti ɗaya na farkon kunnawa.

Abu na farko shi ne rubutun da ke bayan na'urar. Wutar da kamfanin KEDCO ke bai wa Katsina da Kano da Jigawa an tsara ta a kan bolt 230, ta Nijar ma kusan haka take. Amma kayan da aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 suke sha, na cikin gida na Japan kuwa bolt 100. Duk wanda ya cusa irin wannan a soket kai-tsaye, taransifomarta na iya ƙonewa kafin ya zare hannu. Wasu suna da ɗan makunni a baya na zaɓen ƙarfin wuta, sai a mayar da shi kan 220 ko 240. Wadda ba ta da shi tana buƙatar taransifomar rage wuta. Sauya kan fulogi bai sauya komai ba.

Ko da ƙarfin wutar ya dace, na'urar da ta shekara goma a ajiye ba a tashinta farat ɗaya. A cikinta akwai manyan kondansa masu ruwan sinadari, wanda ke bushewa da tsufa, zafin Arewa kuma yana gaggauta hakan. Ga ƙurar hunturu, ga ɓera da ke cin waya, ga zanzaro da ke gini a ciki. Don haka mai gyara ya fara buɗewa ya share, ya duba ko akwai kondansar da ta kumbura ko ta yi yoyo. Ya kuma duba fis. Idan aka tarar an ɗaure gurbinsa da zaren waya ko takardar taba, alama ce cewa na'urar ta taɓa cin fis, aka rufe matsalar ba a gyara ba.

Ƙwararrun masu gyara suna da dabara mai arha. Sukan jona ƙwan fitila irin na da, mai zare a ciki, mai wat 60 ko 100, a kan wayar da ke kai wuta, ta yadda sai wutar ta ratsa ƙwan kafin ta isa amfilifayar. Idan lafiya take, ƙwan zai yi haske na ɗan lokaci sannan ya dushe. Idan ya tsaya da haske sosai, wayoyi sun haɗu a ciki, kuma ƙwan ya tare yawan wutar da za ta yi ɓarna. Ƙwan zamani mai tsimin wuta ba ya wannan aiki.

Bayan nan sai a auna bakin da ake jona lasifika da mita, sauti a ƙasa gaba ɗaya. Bai kamata a ga wutar da ta kai ko da kashi ɗaya cikin goma na bolt ba. In ta kai bolt guda ko fiye, akwai matsala a ciki, kuma lasifikar na iya lalacewa. Gwajin farko da lasifika mai arha ake yi. Mai sha'awa kuma kada ya sa hannu ciki don an zare fulogi, domin kondansa na riƙe wuta bayan an kashe.

Wajen zaɓe, nauyi alama ce mai kyau, saboda babbar taransifoma ce ke kawo shi. A saurari ɓangaren dama da na hagu daban-daban, a bar ta tana aiki rabin sa'a, a ji ko tana gurnani ko ƙauri. Waɗanda ke aiki da dunƙulallen sashe mai lamba STK na kamfanin Sanyo suna da daɗin sauti, amma an daina ƙera sashen, jabu ya cika kasuwa. Mai taransista ɗai-ɗai ta fi sauƙin gyara.

A gida kuma, ƙaramin janareta da wutarsa ke hawa da sauka ba abokin tsohuwar amfilifaya ba ne. A haɗa ta da sitabilaiza, a kashe ta da zarar an ɗauke wuta, kuma a jira wutar ta daidaita bayan an dawo da ita kafin a sake kunnawa.