Dashen Ƙananan Dangin Dabino Masu Son Inuwa

Kowa a ƙasar nan ya san dabino da giginya da goriba, ya kuma san itatuwan fili ne, ba abin da su ke so kamar rana. Saboda haka in aka kawo wa mutum wani ƙaramin ɗan'uwansu cikin tukunya, sai ya dasa shi a sarari gaban ofis, kafin wata biyu ganyen ya ƙone ƙurmus. An yi wannan takarda domin hakimai da malamansu, waɗanda a kan danƙa wa dashe don ƙawata ofisoshi da masaukin baƙi, kada kuɗin jama'a da wahalar leburori su tafi a banza.

Dangin dabino a duniya sun haura iri 2,500, cikinsu kuwa akwai waɗanda tun asali a ƙarƙashin manyan itatuwan kurmi su ke rayuwa. Uku ne za mu ambata. Na farko masana suna kiransa Chamaedorea elegans. Asalinsa kurmin kudancin Meziko da Gwatamala, wani masani Bajamushe mai suna Martius ya sa masa wannan suna a 1830. Gangar jikinsa ba ta fi kaurin yatsa ba, da wuya ya wuce ƙafa 8. Na biyu ɗan'uwansa ne, Chamaedorea seifrizii, daga yankin Yukatan na Meziko. Shi a dunƙule ya ke tsirowa kamar gora, ya kuma fi na farko jimirin zafi. Na uku shi ne Rhapis excelsa, daga kudancin ƙasar Sin. Ganyensa a baje ya ke kamar yatsun hannu, wanda ya san kaba zai ga kamar. Nawa gare shi wajen girma, amma ya fi sauran jure wahala.

A kurmin da su ka fito abu uku su ke samu tare: inuwa a bisa, laima cikin iska, da ruɓaɓɓen ganye a ƙasa. Mu nan inuwa kaɗai mu ke tunawa, shi ya sa dashe ke mutuwa. Da damina kowane lungu yana da kyau, ba a gane wurin kirki sai da rani. Wanda zai zaɓi wuri, ya je ya dube shi a watan Maris da tsakar rana, ba a watan Agusta ba.

To, wace inuwa? Kuka ba ta yi, gama tana kakkaɓe ganyenta da rani, daidai lokacin da a ke bukatarsa. Darbejiya tana da inuwa duk shekara, sai dai saiwoyinta suna shanye ruwan da aka zuba wa na ƙarƙashinta. Mangwaro da tsamiya sun fi. A dasa wajen gefen inuwar, inda haske ke ɗan ratsowa, ba jikin gindi ba.

Waɗansu su kan ce a dasa arewa da bango. Da gaskiyarsu, amma rabi. Daga Oktoba zuwa Fabrairu rana tana karkata kudu, bangon kuwa ya yi inuwa. Amma a Kano, wajen 21 ga Afrilu, rana tsaka take bisa kai, bango ba ya kāre kome, ga shi lokacin ne zafi kan kai digiri 40. Bayan wannan kuma hunturu daga arewa maso gabas ya ke busowa, watau ta inda dashen ya ke a buɗe. In dai jikin bango za a dasa, sai a kafa rumfar zana a bisa tun daga Maris har ruwa ya sauka, a kuma gitta wata zana ta fuskar iska da hunturu.

Hunturu shi ne babban abokin gaba. Iskarsa tana tsotse ruwan ganye fiye da yadda saiwa za ta iya mayarwa, sai a ga bakin ganyen ya bushe ya yi ja. Ƙura kuma ta lulluɓe shi, waɗansu ƙananan ƙwari dangin gizo-gizo, waɗanda ido da ƙyar ya ke ganinsu, su yi gida a bayan ganyen suna tsotso har ya yi fari-fari. Maganinsu ba tsada: a riƙa wanke ganyen da ruwa, ciki da baya, sau biyu ko uku a mako. A dasa su kusa da juna kuma, uku ko biyar wuri guda, don su riƙe wa juna laima.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. A haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi, a cuɗa ƙasar sama da rairayi da takin da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Kada a binne gindin fiye da yadda ya ke cikin tukunya, kada kuma a zaɓi kwari inda ruwa ke kwanciya, gama son laima dabam, zama cikin taɓo dabam. A shimfiɗa busasshen ganye kaurin inci 2 kewaye da shi, amma a bar tazara daga jikinsa, a kuma riƙa ɗagawa ana dubawa saboda gara. Ruwan rijiya mai kanwa yana sa sabon ganye ya fito rawaya, tun ba na ƙasar Sin ba.

A gargaɗi mai ban ruwa da abu ɗaya. Waɗannan ukun duka ta kai guda su ke girma, ba su yin reshe kamar mangwaro. In akuya ta cinye tsakiyar kan, ko aka sare shi da sunan aski, wannan karan ya mutu ke nan. Masu tsiro a dunƙule sa fito da wani daga ƙasa, na farko kuwa kara ɗaya gare shi. Sai a yi shinge, kuma ganyen da ya bushe sarai kaɗai za a yanke. Yara ma a hana su wasa da 'ya'yan na Meziko, ruwansu yana sa ƙaiƙayi.

Samun ƙari ya fi sauƙi ta hanyar raba gindi. Da damina a tone gefen dunƙulen, a yanke ɗan tsiro tare da saiwarsa da wuƙa mai kaifi, a rene shi cikin tukunya a inuwa. Iri kuwa sai sabo, ya kan yi watanni bai tsiro ba, kuma kamar dabino akwai namiji akwai mace, in babu su biyu ba a samun 'ya'ya.

A wurare kamar Jos, mai tsawon ƙafa 4,000 bisa teku, da Kafanchan inda ruwa ke da yawa, aikin ba wuya. A gundumomin Sakkwato da Katsina da Barno kuwa, a ganinmu bai kamata hakimi ya sa a yi wannan dashe ba sai ya tabbata akwai ruwan da zai isa daga Nuwamba zuwa Mayu ba tare da an rage wa mutane na sha ba. Inda a ke layi a bakin rijiya da bazara, a dasa darbejiya tukuna. Wanda kuma ya nace, ya gwada biyu ko uku cikin manyan tukwane ƙarƙashin rumfa, malami ya rubuta ranar dashe da halin da su ke ciki a ƙarshen Afrilu, sa'an nan a san ko za a nemi ƙari.