Ɗan Takarar Majalisar Jiha: Me Zai Sa Gaba, Me Zai Bari Baya?

Da kakar zaɓe ta kankama, duk ɗan takarar majalisar dokokin jiha da ka saurara a rediyo bakinsa ɗaya da na abokin hamayyarsa: ilimi, lafiya, tsaro, noma, sama wa matasa abin yi. Ba mai musun muhimmancin waɗannan. Sai dai wanda ya ce maka komai ne a gabansa, bai gaya maka abin da ya sa gaba ba. Kuɗin jiha ba ya isar kowane ɓangare, dole a fifita wani a jinkirta wani, kuma a zauren majalisa ake yanke wannan rabo. Gwamna ne ke gabatar da kasafin kuɗi, amma sashe na 120 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a ciri ko kwabo daga asusun jiha ba tare da dokar majalisa ba.

Saboda haka ra'ayin ɗan takara ba ya bayyana sai an tsare shi da zaɓi. Idan kasafi ya zo da gadar sama a babban birni, alhali asibitin ƙauyen mazaɓarsa ba ungozoma, ina zai jefa ƙuri'arsa? A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za a riƙa ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Shin ya san kashi nawa jiharsa ta ware bara, kuma nawa aka saki a zahiri? Warewa daban, saki daban, a nan ne yawancin alkawura ke mutuwa. Haka ma ilimi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi tallafin tarayya ga makarantun firamare da ƙananan sakandare, amma hukumar UBEC ba ta sakin kuɗin sai jiha ta ajiye nata kason. Jihar da ta yi nawa, kuɗinta na kwance a Abuja, yara na zaune a ƙasa a ajin da iska ta yaye wa kwano. Ɗan takarar da ya san wannan ya fi mai alkawarin raba littattafan rubutu da hotonsa a bango.

Batun tsaro ya fi kowanne jawo cika baki. 'Yan sanda da soja na hannun gwamnatin tarayya, ɗan majalisar jiha ba shi da ikon tura ko kurtu ɗaya. Abin da ke hannunsa shi ne irin rundunar tsaron al'umma da Katsina ta ƙaddamar a 2023, ko Askarawan Zamfara na 2024: wa zai ɗauke su aiki, wa zai biya su, wa zai hukunta su in sun wuce gona da iri. Yana kuma da baki a maganar 'yan sandan jihohi, domin ba a gyara tsarin mulki sai majalisun jihohi 24 daga cikin 36 sun amince. Ta wannan hanya aka bi a 2023 aka bai wa jihohi damar yin dokokinsu kan wutar lantarki da jirgin ƙasa, amma da wuya ka ji ɗan takara ya taɓo zancen, sai dai alkawarin taransifoma.

Wanda ke ganin kujerar ba ta da nauyi ya dubi Kano. Majalisa mai mutum 40 ce ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye a watan Mayun 2019, ita ce kuma ta rushe su a watan Mayun 2024. Kowane lokaci cikin 'yan kwanaki aka gama, kowane lokaci kuma abin da gwamna mai ci yake so aka yi. Ko wane ɓangare mutum yake a rikicin masarautun, abin lura shi ne saurin. Shi ya sa ake yi wa majalisun jihohi kallon 'yan amshin Shata, kuma ni dai ban ga laifin masu faɗin haka ba.

Mu ma masu zaɓe da namu. Je ka ƙofar gidan ɗan majalisa bayan sallar asuba ka ga layi: wannan riƙe da takardar magani, wancan da katin ɗaurin aure, wani matarsa ta haihu ba ragon suna. Ba wanda ya zo tambayar me ya ce a zauren majalisa. Wanda aka auna da kyautarsa kuwa dole ya lallaɓa gidan gwamnati, tunda can ne bakin rijiya.

Tambayar da ta fi tona asirin ɗan takara ita ce ta bin diddigi. Sashe na 128 ya bai wa majalisa ikon bincikar yadda ma'aikatu ke kashe kuɗin da ta amince musu, na 129 kuma ya ba ta ikon kiran kowa ya zo ya ba da shaida. A tambaye shi a bainar jama'a: in an biya kuɗin gyaran makarantar garinku aka bar aikin a rabi, kwamishinan kuma ɗan jam'iyyarku ne, za ka miƙe ka nemi a kira shi? A kuma naɗi amsar a waya, don shekara huɗu na da tsawo.