Awannin Aikin Manomi: Yadda Ƙididdigar Samaru Ta Sauya Tunanin Masu Tsara Raya Karkara

Sanin kowa ne cewa duk gwamnatin da ke son raya wani yanki, tilas ta san yawan mutanen da ke cikinsa, da irin sana'o'in da suke yi, da kuma abin da suke samu. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne wahalar da ke tattare da samo waɗannan alƙaluma, musamman a karkara, inda manomi ba ya rubuta lokacin da ya shiga gona balle wanda ya tashi. Ma'aikata guda ba ta iya wannan aiki ita kaɗai. Sai an haɗa jami'a mai masana, da hukuma mai ikon aiwatarwa, da mai ba da kuɗi, sannan da su mutanen gari waɗanda za su yarda a yi ta ɗawainiyar tambayarsu. An yi irin wannan haɗin gwiwa a ƙasar Zazzau tun shekarun 1960, kuma labarinsa ya cancanci ɗalibai da malamansu su san shi.

Tashar binciken aikin gona ta Samaru ta faro ne a 1922, aka kuma mayar da ita ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Masananta sun daɗe suna gwaje-gwaje a kan iri da taki da magungunan ƙwari, suna fitar da shawarwari waɗanda malaman gona ke kai wa manoma. Sai dai kash! Yawancin shawarwarin nan ba su karɓu ba. An ce a shuka amfani iri ɗaya tal a gona, a jere a kan kunya, manomi ya ci gaba da haɗa gero da dawa da wake. An ce a shuka auduga a watan Yuni, shi kuwa sai Yuli. Da yawa daga cikin jami'ai suka yanke hukuncin cewa jahilci ne da riƙon al'ada.

A tsakiyar shekarun 1960 aka kafa wani sashen binciken tattalin arzikin karkara a Samaru da tallafin Gidauniyar Ford, a daidai lokacin da Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka ke taimaka wa jami'ar wajen gina tsangayoyin aikin gona da likitancin dabbobi. Wanda ya jagoranci sashen shi ne David Norman, masanin tattalin arzikin noma. Tambayar da suka sa a gaba mai sauƙi ce a baki: yaya iyalin manomi ke kashe lokacinsu daga farkon shekara zuwa ƙarshenta?

Suka zaɓi ƙauyuka uku bisa nisansu da birnin Zariya: Hanwa da ke bakin gari, da Doka da ke kan hanyar Kano, da kuma Ɗan Mahawayi wanda ke lungu. Dalilin haka shi ne a ga tasirin kasuwa da hanya. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin ilmin halittu, domin haka ake yi in za a ƙirga tsirran daji: ba a tsayawa a gindin bishiya ɗaya, ana ɗaukar samfuri a tudu da gangare da fadama. A 1966 da 1967 masu ɗaukar bayanai suka riƙa ziyartar gidajen da aka zaɓa sau biyu kowane mako, har shekara ta zagayo. Wa ya je gona jiya? Wace gona, ta gandu ko gayauna? Awa nawa aka yi? An ɗauki ɗan ƙwadago? Nawa aka biya shi? Aka auna gonaki, aka kuma auna amfanin da aka girbe. Daga baya aka maimaita aikin a wasu ƙauyuka na ƙasar Sakkwato da ta Bauchi.

Yawan ziyarar nan shi ne ƙashin bayan binciken. Idan aka tambayi mutum da kaka awa nawa ya yi yana noman firi, zai ba da amsa don kada ya kunyata baƙo, amma amsar kintace ce. Abin da aka yi shekaranjiya kuwa bai riga ya shuɗe masa ba.

Da aka tattara alƙaluman sai ga wani abu ya fito fili. Aikin gona bai rarrabu daidai a cikin shekara ba, cunkushe yake a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ciyawa ke tashi gaba ɗaya kuma kowa na fama da noman firi da maimai. A wannan ɗan tsakani, abin da ke ƙaranci ga manomi shi ne hannun da zai riƙe fartanya, kuma ɗan ƙwadago na tsada domin shi ma yana da tasa gonar. Masanan tasha suna auna nasara da yawan amfani a kowace eka, alhali manomi na auna ta da abin da awa ɗaya ta aikinsa za ta haifar a lokacin matsi. Da wannan ma'auni, haɗa shuka ya fi riba. Gaskiya ne kowane amfani shi kaɗai yana raguwa in an haɗa shi da wani, amma jimillar darajar abin da gonar ta bayar ta fi yawa, kuma ba ta cika faɗuwa warwas ba a shekarar da ruwa ya yi gardama.

Ilmin halittu yana da bayanin wannan. Gero na saurin nuna, ana girbe shi tun dawa ba ta kai ganiyar buƙatar haske da ruwa ba, don haka gasar da ke tsakaninsu ba ta da tsanani. Wake na yaɗo ya rufe ƙasa, ya danne ciyawa, ya rage zaizaya, sannan a saiwoyinsa akwai wasu ƙulle-ƙulle masu ɗauke da ƙwayoyin bakteriya waɗanda ke kamo sinadarin naitirojin daga iska. Noma ɗaya kuma yana amfanar shuka uku.

Batun auduga ma haka ya warware. Shuka ta a Yuni na nufin a bar gonar abinci a hannun ciyawa, kuma babu magidancin da zai sayar da tuwon iyalinsa saboda kuɗin da ba zai gani ba sai bayan kaka. Bugu da ƙari, feshin maganin ƙwari da ake ba da shawara a kai yana cin ruwa mai yawa, wanda sai an ɗauko shi a ka zuwa gona. Irin waɗannan sakamako ne suka taimaka wajen haifar da tsarin binciken da ke fara nazarin gona da iyali baki ɗaya kafin ya ba da shawara, tsarin da ya bazu a ƙasashen Afirka da Asiya a shekarun 1970 da 1980.

Akwai kuma ma'aikatan da ido bai gani. Emmy Simmons, wadda ta yi aiki a ƙauyukan nan a farkon shekarun 1970, ta nuna cewa matan da ke cikin kulle suna da sana'o'in da ke kawo kuɗi, kamar fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, yara kuma su kai talla. Mai ƙididdigar da ya tsaya a zaure ya tambayi maigida kawai, zai rubuta cewa matan gidan ba su da aikin yi.

Lokacin da aka buɗe ayyukan raya aikin gona na Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975 da rancen Bankin Duniya, an haɗa musu da sassan sa ido masu tattara alƙaluma daga gidajen manoma. A 2010 kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da Bankin Duniya, ta soma bin gidaje kusan 5,000 a faɗin Nijeriya, ana ziyartarsu bayan shuka da bayan girbi, a kuma komo musu bayan 'yan shekaru. Jamhuriyar Nijar ta fara makamancinsa a 2011. Ziyara biyu ba ta kai ta Samaru zurfi ba, amma faɗinta ya ninka nata nesa ba kusa ba.

Matsalar ma'auni dai ba ta kau ba. Hukumar ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023, bayan ta sabunta hanyoyinta tare da Bankin Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta fitar da kashi 4.1 na watanni ukun farko na shekarar. Ba ayyuka ne suka samu dare ɗaya ba. A da, wanda ya yi ƙasa da awa 20 a mako ana lissafa shi cikin marasa aiki, a sabon tsari kuwa awa ɗaya ta neman kuɗi ta isa a kira mutum mai aiki. Sabon ma'aunin ya fi kamo mai ƙosai da ɗan tireda, ya kuma nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki ba a ƙarƙashin tsarin hukuma suke ba. Sai dai gwamnan da ya ɗauki kashi 4.1 ya tsara kasafin jiharsa a kai, ba tare da duba yawan masu ƙarancin aiki ba, zai yi kuskure irin na jami'an da suka ce a shuka auduga a Yuni. Ƙididdigar jama'a da aka shirya yi a 2023 kuwa an ɗage ta, alhali ta ƙarshe kafin nan ta 2006 ce.