Idan Kunnen Kyanwar Gida Ya Kumbura: Jan Hankali Ga Mai Juna Biyu

Na san za ki yi mamakin ganin ungozoma ta ɗauko zancen kyanwa. Dalili kuwa shi ne, kwanan baya wata baiwar Allah mai cikin wata shida ta zo awo, hannunta na dama a kumbure har yatsu ba sa lanƙwasuwa. Da na tambaye ta, sai ta ce kunnen magensu ne ya kumbura, ta danne ta za ta tsaga wurin da reza, ita kuwa magen ta gantsara mata cizo. Sai da ta kwana biyu a gida kafin ta zo mana.

Galibi abu biyu ne ke kumbura kunnen kyanwa. Na farko, jini ne ke taruwa tsakanin fata da guringuntsin kunne. Wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani sosai sukan shige kunnen su hana ta sakat da ƙaiƙayi, ta yi ta susa tana kaɗa kai har wata 'yar jijiyar jini ta fashe. Za ki ga kunnen ya cika ya yi laushi, ya langaɓe, cikinsa kuma da baƙin datti kamar garin gawayi. Na biyu shi ne ƙurji, musamman ga muzuru mai yawon dare da faɗa. Shi wannan yakan yi ɗumi da zafi, wani lokaci ya fashe da wari.

Ko wanne ne daga ciki, ke mai juna biyu ba aikinki ba ne. Bar wa maigida ko wani babba a gidan. Ya sa safar hannu, ya naɗe kyanwar da tawul ko tsohon zane, kanta kaɗai a waje. A goge bakin kunnen da auduga da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, kada a zura tsinke ciki. In jini ne ya taru, a ɗora tsumma mai sanyi na 'yan mintoci; in ƙurji ne, mai ɗumi. Iyakar abin da za a yi a gida ke nan, daga nan sai asibitin dabbobi cikin kwana ɗaya ko biyu. Can ne za a zuƙe jinin ko a tsaga da tsabta, a kuma kashe ƙwarin da suka jawo matsalar. In aka huda a gida, jinin sake taruwa yake yi, ga ƙwayoyin cuta an shigar. In kuma aka ƙyale, kunnen yakan yamutse ya zauna haka har abada.

Don Allah kada a ɗiga mata kananzir, ko man ja, ko fiya-fiya. Kada kuma a ba ta farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta.

Yanzu sai abin da ya fi damuna, wato lafiyarki da ta abin da ke cikinki. Haƙoran kyanwa sirara ne kamar allura, sukan kai ƙwayoyin cuta can ciki sannan bakin raunin ya rufe, shi ya sa hannu ke kumbura cikin kwana ɗaya. In ta cije ki ko ta yakushe ki, wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15, ki taho asibiti ranar, tare da katin awonki domin mu duba allurar tetanos ɗinki. Ciwon haukan kare ba kare kaɗai yake kamawa ba, kyanwa ma tana ɗauka, kuma da zarar alamunsa sun bayyana ba a cika tsira ba. Idan likita ya ce a yi miki rigakafinsa, ki yarda; ciki ba ya hana wannan allura. Kada ki sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis da kanki, domin ba kowanne ne ya dace da mai ciki ba.

Akwai kuma cutar da ake kira toksoplasma, wadda mata da yawa suka ji labarinta sama-sama har suke korar kyanwa daga gida. Ba daga kunne ko gashinta take fitowa ba, daga kashinta ne. Kyanwa takan ɗauke ta wajen cin ɓera ko ɗanyen nama, ta yi mako 1 zuwa 3 tana zubar da ƙwayoyin. Ke kanki wataƙila ba za ki ji komai ba, ko ɗan zazzaɓi da kaluluwa kawai. Amma in a lokacin ciki kika fara kamuwa, tana iya ratsawa ta mabiyiya ta jawo ɓari, ko ta taɓa idon jariri da ƙwaƙwalwarsa.

Ƙwayoyin ba sa iya kama mutum sai kashin ya yi kwana 1 zuwa 5 a ƙasa, saboda haka wani ya riƙa kwashe shi kullum. Matsalarmu ita ce kyanwowinmu a yashin tsakar gida suke tonawa su binne, inda yara ke wasa, inda kuma wata mai kwaɗayin ciki za ta tsinci ƙasa ta jefa a baki. Na san ba a son faɗa mana wannan a wurin awo, amma ki faɗa, don sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, kuma muna da magani. Ki wanke latas, kabeji da karas sosai. Tsire ko balangu da cikinsa bai gasu ba, mayar da shi wuta, domin naman da bai dahu ba shi ma babbar hanya ce ta wannan cuta.

Ba sai an kori kyanwa ba, tana yi muku maganin ɓeraye. A dai yi mata rigakafi a asibitin dabbobi, kuma idan kin sauka lafiya a hana ta kwana a ɗakin jariri.